Wutar linzamina ta ƙi tsayawa a launi ɗaya, mai gyara ya kashe mini Defender

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Ƙaura Namoda, ina yi wa mutane fotokwafi, ina fitar musu da silif ɗin NIN, ina cike wa ɗalibai fom. Da dare idan na tashi daga aiki, da laftof ɗin shagon nake buga wasa. Makonni biyu da suka wuce na shigo Gusau na sayi maus, wato linzamin kwamfuta, na 'yan wasa, a kwalinsa an rubuta Logitech G102, kuɗinsa kuma bai kai rabin yadda na ji ana sayar da shi ba. Wutarsa sai juya launi take yi ba tsayawa, ko na kashe kwamfutar ba ta mutuwa. Na sauke G HUB, manhajar Logitech ta saita linzami, ya ce bai ga komai ba. Na kai wa wani yaro mai gyara, ya ce manhajar kamfani ba ta aiki a Najeriya sai wadda aka fasa. Ya kashe Defender, wato manhajar kariya ta Windows, ya saka mini wata daga filas ɗinsa, na biya naira 2,000. Wutar ba ta sauya ba. Bayan kwana uku Facebook ya turo mini cewa an shiga asusuna daga wata na'ura. Hankalina ya tashi sosai. Abin da aka saka mini ne ya jawo? Wutar nan ba za ta kashe mini batir ko ta ƙona ramin USB ba? Kuma yaya zan tsayar da ita a launi ɗaya?

Daga mai karatu a Ƙaura Namoda

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, dole hankalinka ya tashi. Maganar launi za mu zo kanta, amma ajiye ta tukuna, akwai wadda ba ta jiran gobe. Ka ɗauka duk abin da ke cikin burauzar laftof ɗin nan ya riga ya fita, ka yi aiki a kan haka tun yau.

Cire shi daga intanet, kada ka sake jona shi da datar wayarka ko na minti ɗaya. Da wayarka za ka yi gyaran, ba da laftof ɗin ba. Fara da kalmar sirrin imel, domin da imel ake dawo da sauran asusu, da shi kuma ake ƙwace su. Sai Facebook. Sauya kalmar kaɗai ba ta isa ba: shiga sashen tsaro ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka duba ko an ƙara wata lambar waya ko wani imel da ba naka ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Duba na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka, haka Telegram. In ka taɓa shiga banki ta wannan laftof, ko ka bar lambar katinka a burauza, gobe da sassafe ka kasance a banki. In kana da walat ɗin kirifto a kai, buɗe sabo ka kwashe komai, domin makullin tsohon yana hannun wani.

To, bari in zo ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don da wuya rana ta faɗi ban ji shi a shagona nan Gusau ba: wai manhajar kaza sai an fasa ta, kuma kafin a saka ta sai an kashe Defender.

G HUB kyauta ne. Synapse na Razer kyauta ne. iCUE na Corsair da GG na SteelSeries duk kyauta ne, suna nan a shafin kamfanin da ya yi su, kowa ya je ya sauke. Kamfanin ya riga ya ci kuɗinsa ranar da ka sayi linzamin. To mene ne za a fasa a ƙofar da ba a kulle ba? Maganar wai ba ta aiki a Najeriya kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Da hannuna nake saka ta a kwamfutocin mutane, da datar layin da kowa ke amfani da shi. Abin da kawai za ka yi kuka da shi shi ne tana cin data, in kuma sabis ya yi rauni takan tsaya a rabi sai an sake.

Linzamin ma kansa ba ya neman a saka masa direba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura, kafin ya yi aiki. Windows ta zo da direban da ke gane kowane linzami da kibod na USB, shi ya sa kana soka shi kibiya ta fara motsi. Manhajar kamfani ƙari ce kawai, ta sauya launi, ta saita maɓallai, ta daidaita DPI, wato saurin tafiyar kibiya idan ka motsa linzami. Duk wanda ya ce maka sai ya saka maka direba na musamman daga filas ɗinsa, tambaye shi daga ina ya samo, ka ga yadda zai fara kame-kame.

Ban ce yaron nan ɓarawo ba ne. Da yawansu ba su ma san abin da suke yawo da shi ba. Ya kalli wani bidiyo a YouTube, an ce masa ga mahaɗi a ƙasa, ko ya shiga wani zauren Telegram, ya sauke fayil a ƙunshe da kalmar sirri. An rubuta masa ƙarara cewa ya kashe kariya kafin ya buɗe. Shi a ganinsa ƙwarewa ce. Bai taɓa zama ya tambayi kansa ba: me ya sa aka sa wa ƙunshin kalmar sirri, alhali an rubuta kalmar a fili kowa na gani? Dalili ɗaya ne. Manhajar kariya ba ta iya leƙa cikin ƙunshin da aka kulle, don haka fayil ɗin zai wuce ta gabanta ba ta san abin da ke ciki ba. Idan an zo buɗewa, lokacin da za ta kama shi, an riga an sa ka ka kashe ta da hannunka. Ɓarawo ya ce ka sallami mai gadi, kai kuma ka sallame shi, har ka ƙara da naira 2,000 ladan wahala.

Irin wannan bayiros ɗin ba ya lalata kwamfuta yadda mutane suka saba gani a da. Ba ta yin nauyi, allo ba ya baƙi, fayilolinka suna nan. Aikinsa na 'yan daƙiƙu ne. Ya kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a Chrome ko Edge, ya kwashe lambobin kati, ya ɗauki hoton allo, ya lalubi takardun da ke kan tebur, ya tura, wani ma ya goge kansa. Mafi muni, yana ɗauke abin da ake kira kukis, wato 'yar shaidar da shafi ke bari a burauzarka don ya san ka riga ka shiga. Kamar tikitin mota ne a tasha: wanda ya riƙe shi ba a sake tambayarsa ko shi ya biya. Da wannan shaidar mutum zai iya zama cikin asusunka ba tare da ya san kalmar sirrinka ba, ba tare da an turo lamba a wayarka ba. Shi ya sa na ce sai ka fitar da duk na'urori, don fitarwar ce ke kashe tsohon tikiti. Kai ka ci sa'a ma da Facebook ya turo maka saƙo. Da yawa sai 'yan'uwa sun fara kira suna tambayar ko lafiya, sun ga ana roƙon kuɗin asibiti da sunansu.

Kada ka ɗauka abin na yara ne masu wasa da kwamfuta. Kasuwa ce mai zaman kanta, ana hayar bayiros ɗin wata-wata, ana sayar da abin da ya kwaso. A watan Oktoba na 2024 'yan sandan ƙasar Holan tare da na Amurka suka rushe cibiyoyin wani da ake kira RedLine. A watan Mayu na 2025 Microsoft ta bayyana cewa tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayu na shekarar ta gano kwamfutoci masu Windows sama da 394,000 a duniya da wani mai suna Lumma ya shiga. Wata biyu kacal ke nan, bayiros ɗaya. Kuma cikin manyan hanyoyin da suke yaɗuwa akwai fasassun manhajoji da kayan maguɗin wasa.

Tunda na ambaci maguɗi, bari in faɗa wa sauran samari masu karantawa. Akwai fayilolin da ake tallatawa wai in ka saka wa linzaminka, bindigarka a PUBG ko Call of Duty za ta daina ɗagawa sama idan kana harbi. Asara biyu ce ke jiranka. Kamfanonin wasan suna rufe asusun wanda suka kama da irin wannan, sannan wannan fayil ɗin shi ne ƙugiyar da aka fi sa wa tsutsa, domin an san yaron da ke son cin abokansa zai kashe duk abin da aka ce ya kashe. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini laftof ɗinsa bayan an ƙwace masa imel da asusun wasan da ya shekara yana ginawa. Da na buɗe, sai na tarar an gaya wa Defender kada ya ƙara duba faifan C gaba ɗaya. Alamarsa kore shar, kamar komai lafiya, alhali an ɗaure masa ido.

Wannan shi ne abin da ya sa nake jin zafin masu wannan aiki. In ka kashe kariyar Defender ta hanyar da aka tanada, bayan ɗan lokaci tana kunna kanta. Su sun san haka, sai su sa faifai cikin jerin wuraren da ba a dubawa, ko su yi amfani da wata manhajar da ke kashe shi har abada. Mai kwamfuta ya koma gida da ƙofa a buɗe, ba ta yau kaɗai ba, ta kullum.

Na san abin da za su ce, don sun sha faɗa mini: ai Defender ma yana ƙararrawar banza. Bari in ba su abin da ke nasu. A watan Maris na 2025 ya fara kama wani tsohon direba mai suna WinRing0, wanda manhajojin sarrafa fanka da fitilun cikin akwatin kwamfuta da dama suka dogara da shi, kuma mutane da yawa sun fusata. Amma ko a nan ba ƙarya ya yi ba. Direban yana da ɓaraka da aka sani tun 2020, wadda ke ba mugun fayil damar kaiwa can cikin zuciyar Windows. Masu manhajojin mutanen kirki ne, ɓarakar kuma gaskiya ce. Sannan wannan magana ce ta fitilun babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta (motherboard) da RAM. Linzamin da ke magana ta USB ba shi da buƙatar irin wannan direba.

Har shafin kamfani ma ba a sakin jiki da shi ɗari bisa ɗari. A 2025 kamfanin Endgame Gear ya fito ya sanar da cewa manhajar saita ɗaya daga cikin linzamansa, wadda aka riƙa saukewa daga shafinsa tsakanin 26 ga Yuni da 9 ga Yuli, tana ɗauke da bayiros. A 2021 kuma an gano cewa wanda ya soka linzamin Razer a kwamfuta zai iya bi ta wurin saka Synapse ya sami cikakken iko da ita, sai da kamfanin ya gyara. In abin da ya fito daga gidan mai shi yana iya zuwa da matsala, ina ga filas ɗin da ya shiga kwamfutoci iri-iri a kasuwa? Manhajar linzami tana neman izinin shugaban kwamfuta (administrator) kafin ta shiga. Wannan akwatin da ke fitowa yana tambaya, kai kuma ka danna Yes, makullin gidan ne gaba ɗaya ka miƙa. Kafin ka danna, ka kalli sunan da ke jiki. Ko ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka duba Digital Signatures. In babu sa hannun kamfanin, kada ka buɗe.

Laftof ɗinka kuwa, ba na son ka tsaya ga bincike kawai. Kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai, kada ka ɗauki ko fayil ɗaya na manhaja, sannan a yi fomat a saka Windows sabuwa. A haɗa filas ɗin sakawa daga shafin Microsoft da Media Creation Tool, filas mai 8GB ya isa, kuma a haɗa shi a wata kwamfutar mai lafiya. Kada ka yarda a saka maka Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima wai don ta fi gudu a wasa, domin yawanci Defender ne farkon abin da ake cirewa a ciki.

Yanzu ga dalilin da G HUB bai ga linzaminka ba. Duk alamu sun nuna jabu aka sayar maka. G102 na cikin linzaman da aka fi kwaikwaya, kwali da tambari kamar an tsaga kara. Na asali, da zarar ka soka shi, G HUB zai nuno hotonsa da sunansa. Ga gwajin da ba ya cin data: buɗe Device Manager, nemo linzamin, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Kayan Logitech suna nuna VID_046D, na Razer VID_1532. In ka ga wata lamba daban, magana ta ƙare. In ka ga ta Logitech amma G HUB bai gane shi ba bayan ka gwada wani rami, shi ma jabu ne da aka kwafi lambar. Babu wata manhaja a duniya da za ta mayar da shi na asali, domin ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ba ta jin yaren da G HUB ke yi. Yawancin irinsu wutarsu an ɗinke ta a ciki. Wasu in ka danne maɓallin DPI na 'yan daƙiƙu wutar takan mutu ko ta sauya salo, wasu suna da ɗan maɓalli a ƙasa, wasu launin yana nuna matakin DPI ɗin da kake kai ne kawai. Gwada waɗannan. In duk ba su yi ba, haka aka ƙera shi.

Batun batir da rami, kwantar da hankalinka. Ramin USB 2.0 yana ba da 5V, iyakarsa 500mA, wato wat 2.5, kuma linzami bai cika kaiwa nan ba. Juya naka ka karanta abin da aka rubuta a ƙasansa. Laftof ɗin da ke buga wasa yana shan wat gommai, fitilar linzami ba ta kai a yi lissafi da ita ba, kuma ba ta ƙona rami. Abin da ke lalata rami shi ne fizgar waya, da kan USB da ya karkace, da cajar banza a kan janareta mai wasa da wuta. Inda fitila ke da tasiri shi ne linzami marar waya. Logitech da kanta ta rubuta cewa G502 Lightspeed yana awa 48 da fitila, awa 60 ba fitila. Ga mai jiran a kawo wuta kafin ya yi caji, awa 12 ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙin mutuwar wutar bayan ka kashe kwamfuta kuwa ba laifin linzami ba ne. Wasu laftof suna da rami ɗaya da ke ci gaba da ba da wuta don cajin waya. Lenovo suna kiransa Always On USB, Dell suna kiransa USB PowerShare, kuma ana kashe shi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Mafi sauƙi, koma wani ramin ko ka zare linzamin da dare, don in ya kwana a kunne kullum zai riƙa ɗan tsotsar batir.

Ranar da ka sami na asali, aikin bai wuce minti biyar ba. A G HUB ka shiga sashen LIGHTSYNC, ka zaɓi tsayayyen launi, ko mai numfashi, ko mai zagayawa, ko ka kashe gaba ɗaya. Launuka miliyan 16.8 da ake rubutawa a kwali lissafi ne kawai: ja da kore da shuɗi, kowanne mataki 256, in ka ninka su ka sami 16,777,216. Idonka ba zai bambance yawancinsu ba. Abin da na fi so mutanenmu su sani shi ne ma'ajiyar cikin linzami. Masu ita, kamar G502 HERO da ke riƙe saiti har 5, za ka adana launi da DPI da maɓallai a jikinsu, ka cire manhajar ma in ka so, ka kai su kowace kwamfuta suna nan yadda ka bari. Ga laftof mai RAM 4GB wannan rahama ce, don waɗannan manhajoji suna da nauyi. Logitech ma tana da wata 'yar ƙaramar mai suna Onboard Memory Manager don wannan aikin kaɗai. Salon da ke bin launin allo ko bin sauti ne kawai ke buƙatar manhaja ta zauna a kunne. Masu Windows 11 kuma su duba Dynamic Lighting a ƙarƙashin Personalization, yana sarrafa fitilar na'urorin da suka dace da shi ba tare da an sauke komai ba.

Fitila ado ce, ba ta ƙara wa linzami gudu ko saiti, duk da jita-jitar wai ja ya fi sauri. Idon da ke karanta motsi yana ƙasa, hanyarsa daban. G Pro X Superlight da manyan 'yan gasa da yawa ke riƙewa ba shi da fitilar ado sam, an cire ta don a rage nauyi. Sa DPI ɗinka a 800 ko 1600, kashe Enhance pointer precision a Windows, sannan lokacin hunturu ka riƙa hure idon da goge shimfiɗar, don ƙurar Zamfara ta fi kowane saiti sa kibiya rawa.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna. Laftof ɗin nan ba naka ne kai kaɗai ba. A cikinsa akwai silif ɗin NIN na dattijon da bai san ko mene ne intanet ba, akwai hoton fasfo na 'yar mutane, akwai imel da kalmar sirrin ɗalibin da ya ba ka don ka cike masa fom, wataƙila burauzar ta adana su ba ka lura ba. Amana suka ba ka. Haka masu gyara, wanda ya kawo maka na'urarsa ya ba ka sirrin gidansa ne, kuma in ba ka san abu ba, ka ce a kai wa wani ya fi maka alheri da ka kashe wa mutum kariya don naira 2,000. Ranar da aka yi amfani da takardun wani aka yi zamba, ba za a nemi wanda ya rubuta bayiros ɗin a ƙasar waje ba, shagonka za a zo.

Don haka kafin a yi fomat, buɗe jerin kalmomin sirrin da burauzar ta adana, laftof ɗin yana a cire daga intanet, ka rubuta sunayen duk waɗanda asusunsu ke ciki, ka kira su ɗaya bayan ɗaya su sauya. Na san da nauyi a baki, amma ka yi. Bayan an saka Windows sabuwa, buɗe asusu biyu a kai, na shago daban na wasa daban, na wasan kada ya zama mai ikon shugaba, kuma ka hana burauzar shago adana kalmar sirrin kowa. Ka koma wurin yaron ka gaya masa filas ɗinsa na da cuta, don wasu na bayanka a layi. Linzamin kuma mayar wa mai shi da kwalinsa. In zai canza maka, tafi da laftof ɗinka da G HUB a kai, a soka a gabanka, sai hotonsa ya fito a allo sannan ka cika kuɗi.